Ƙeyar Alhaji Muttaka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu son labarin masoya.

Ta zo mu ji ta, in dai ba za ta sa mu kuka da yawa ba.

Kuka kaɗan ne, dariyar ta fi yawa. Ku matso.

Ranar da ƙannen Alhaji Muttaka, mahaifin Habibullahi, suka je nema masa auren Bara'atu, da goronsu suka dawo, ko ganyen ba a buɗe ba. Malam Abarshi wanzami ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo musu ruwa, ya saurare su har suka dire. Sannan ya ce, "Ku gaida Alhaji Muttaka. Ku ce masa gidan da ya hana ni kan jariri ba zai samu 'yata ba."

Ku bari in koma baya kaɗan, don ku san mafarin rigimar.

Malam Abarshi shi ne wanzamin gidan Alhaji Muttaka, kamar yadda ubansa ya yi wa uban Alhaji aski. Tare suka tashi a unguwar Magajin Gari, tare suka sha bulalar malami ɗaya. Alhaji ya girma ya zama babban dillalin masara a kasuwar Birnin Gwari, ya yi ƙiba, ya kuma yi sanƙo, wanda ban da matarsa da wanzaminsa babu mai saninsa, don hula ba ta barin kansa.

To wanzami kun san shi da surutu. Wata ranar kasuwa rumfa ta cika, ana ta raha, sai bakin Abarshi ya suɓuce.

"Ni duk cikin masu zuwa nan babu mai sauƙin kai kamar Alhaji Muttaka," in ji shi. "Kafin ya zo Allah ya riga ya yi mini rabin aikin."

Kafin la'asar zance ya isa layin 'yan hatsi. Alhaji ya riƙe abin a ransa. Sai da matar babban ɗansa Mustapha ta haihu, ranar suna ya aika aka ɗauko wani wanzami daga wata unguwa ya yi wa jariri aski, Abarshi yana zaune a gida da zabirarsa a shirye, yana jiran kiran da bai zo ba. Tun daga ranar ko a jana'iza suka haɗu sai dai kowa ya dubi takalminsa.

A tsakiyar wannan ne Allah ya jefa Habibu, ƙanen Mustapha, da Bara'atu.

Washegarin dawowa da goro, da la'asar sakaliya, Habibu ya rufe shago ya tafi ƙofar gidansu. Ta fito idanunta sun kumbura, ta tsaya jikin bango tana murza bakin mayafi.

"Yaya Habibu, ka daina zuwa."

"In daina zuwa in je ina?"

"Baba ya ce ba zai yi mini dole ba. Ya ce in kawo duk wanda nake so, ko gurgu ne, amma ban da ɗan gidanku." Hawaye suka zubo mata. "Kuma Haruna na Tabanni yana nan yana ta zarya. Ɗan wanzami ne, Baba yana son sa kamar me. Jiya buhun doya ya kawo. Baba ya ce da an gama girbin masara yana son jin bakina."

"Me za ki ce?"

"Me kake so in ce? Haruna bai taɓa yi mini laifi ba. Laifinsa ɗaya, ba kai ba ne."

Habibu ya ji kamar a ce ƙasa ta tsage. Ya tsugunna ya dafe kai, ya kama mita.

"Duk a kan aski! Shi kuma Alhaji yana can yana shan wahala, girman kai ya hana shi magana. Kin ga wuyansa kuwa? Rawani yake naɗawa cikin wannan zafin, mutane suna cewa ko sarauta aka ba shi. Ƙuraje ne birjik."

Bara'atu ta ɗago. "Wa yake masa gyaran fuska yanzu?"

"Shi da kansa. Ya sayo wata reza mai mariƙi a Kaduna, wadda ake murɗa ƙasanta ta buɗe baki a saka reza a ciki."

"Yaya yake yi?"

"Ya tsaya gaban madubi ya kankare."

"Da me yake jiƙawa?"

"Jiƙawa kuma?"

Ta zaro ido. "A bushe? Daga ina yake farawa?"

"Daga maƙogwaro ya yo sama, da ƙarfi, wai don ya fita tas. Rezar ma tun ta azumi ce."

Yarinyar nan da ke kuka yanzu-yanzu sai ga ta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta yi dariya har ta zauna a kan dakali.

"Wayyo Alhaji! Ai ko fatar akuya ba a yi mata haka." Ta share ido. "Zauna, Yaya Habibu. Tun ina rarrafe nake bakin tabarmar Baba. Buɗe kunnenka."

Ya zauna.

"Na farko, ya ajiye rezar nan sai ƙurajen sun kwanta. Ba a aski a kan ciwo. In sun kwanta, ka ɗumama ruwa, ka jiƙa tsumma mai tsabta ka ɗora masa a fuska, gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Sannan sabulu, ka murza har kumfa ta yi kauri. Sabuwar reza, kada ka yi rowa. Kafin ka taɓa shi, ka shafa da yatsa ka ji inda gashi ya kwanta, ka bi shi can. Gashin wuya munafuki ne, wani ya yi ƙasa wani ya yi gefe."

"In bai fita tas ba fa?"

"Ka sake sa kumfa ka sake bi a hankali. Kada ka danna, nauyin abin ya isa. Ja kaɗan-kaɗan, kana ɗaurayewa. In ka gama, ruwan sanyi, ka goga masa alif. Zai yi tsalle, ka ƙyale shi."

"Sannan me zai faru?"

"In wuyansa ya warke, ya ji daɗin hannunka, sai ka gaya masa hannun gidan wa ne. Wataƙila zuciyarsa ta yi laushi kamar gashin."

* * *

Da ƙyar Alhaji ya haƙura da kankare wuya, sai da Hajiya Asama'u, mahaifiyar Habibu, ta ɓoye rezar a cikin tukunyar daddawa ta ce ta ɓata. Da ƙurajen suka kwanta rezar ta bayyana.

Habibu ya ɗora masa tsumma mai ɗumi.

"Kai, gyaran fuska za ka yi mini ko jego?"

"Alhaji a yi haƙuri, kada a yi magana."

Ya bi kwanciyar gashi sannu-sannu. Da ya goga alif Alhaji ya miƙe tsaye ya yi salati, ya kira shi ɗan banza. Amma washegari babu ƙurji ko ɗaya. Sati na zagayowa shi da kansa ya ce, "Ina yaron nan? A ɗora masa ruwa." Rawani ya koma cikin akwati.

"Wa ya koya maka?" ya tambaye shi wata rana.

Habibu ya buɗe baki zai faɗa, tsoro ya kama shi. "A waya na gani, Alhaji."

"Ashe wayar nan tana da amfani."

Da ya ba Bara'atu labari ta kusa rufe shi da duka.

"Waya? Ni ce waya? Masara ta fara bushewa a gona, kai kana nan kana waya!"

"Ki ba ni lokaci. Fuska ƙaramin abu ne. Kansa ne ke damunsa, Hajiya ke rage masa da almakashi, ya yi tudu da kwari. In na yi masa aski tal irin wanda ya saba, ranar zan faɗa, wallahi."

Ta dube shi ta jima. "Aski irin na Baba sai da aska."

"To ki koya mini."

Kashegari ta fito da wani abu naɗe a ƙyalle. Tsohuwar aska ce mai ƙotar ƙaho, daga zabirar da Malam Abarshi ya rataye a ɗaki ya daɗe bai taɓa ba. Ta kawo fatar wasawa da ɗanyen duma.

"Baba ya ce duk mai koyo da duma yake farawa. Shafa masa kumfa. Kwantar da askar, kada ka tsayar da ita kamar mai yankan nama, ɗan ɗaga bayanta kaɗan kawai. Hannun hagu yana jan fata, na dama yana bi. Kuma kada ka taɓa jan ta ta gefe, nan take za ta tsaga. Ka kwashe kumfar tas. In ka ga kore a bakin aska, ka yanki mutum."

Ya ja. Kore.

"Allah ya jiƙan wannan," in ji ta. "Juya shi."

Ya sake ja. Kore.

"Wannan ma a kai shi asibiti."

Ta nuna masa yadda ake wasawa a fata, bayan aska ke yin gaba, bakin yana biye. Habibu ya tafi gida da aska a aljihu. Duman da ke bayan ɗaki ya ƙare, ya koma kan kabewar Hajiya. Ranar da ta zo yin miyar taushe ta tarar da kabewarta tana ƙamshin sabulu, ta tara yaran gida tana tambayar wane mahaukaci ne ke yi wa kabewa wanka.

Amma hannu ya faɗa. Ranar da ya kwashe kumfa daga kan duma tun daga sama har ƙasa babu ɗigon kore, Bara'atu ta tafa hannu.

Abu ɗaya ne daga shi har ita babu wanda ya tuna. Duma ba shi da ƙeya.

* * *

Ranar Juma'a ce, da hantsi. Bayan an sauko daga masallaci Alhaji ne waliyyin wata 'yar ƙanensa da za a ɗaura wa aure, an goge babbar riga an ajiye. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya sa aka rufe ƙofar zaure, sannan ya cire hula.

Habibu ya jiƙa, ya sa kumfa, ya yi bisimilla. Saman kai ba aiki. Gefen dama ya fita sumul, gefen hagu ma haka, har bayan kunne ya lallaɓa ya wuce lafiya. Alhaji ya lumshe ido.

"Rabona da jin iska a kaina haka..." Bai ƙarasa ba.

Habibu ya zagaya baya. Nan ya tsaya.

Ƙeyar Alhaji ninki-ninki ce, tsoka kan tsoka kamar kunyoyin gona, gashi ya cika kowane kwari. Ya ɗora aska a kan tudu, ta wuce. Ya nufi kwari, bakin aska ya ƙi shiga. Ya ɗan tsayar da ita.

"Kai!"

Jini ya tsatso, ɗan siriri, ya bi kumfa. Habibu ya janye askar da sauri. Ya danna tsumma, ya sa alif, jinin ya tsaya, amma ya kasa mayar da aska kan ƙeyar.

"Ƙarasa mana, rana tana yi."

"Alhaji... ba zan iya ba."

Alhaji ya kai hannu ya shafa. Tudu sumul, kwari gashi, tudu sumul, kwari gashi. Ya ɗauki hula ya kifa, ya sake shafawa. Duk abin yana waje, hula ba ta kai nan ba.

Hajiya Asama'u ta leƙo daga madafa, ta duba, ta koma da sauri. Daga ciki aka ji tana tari irin wanda ba tari ba.

"Asama'u, dariya kike yi?"

"Hayaƙi ne, Alhaji."

"A sahun gaba nake salla! Duk Birnin Gwari a bayana take tsayawa! Ɗauko wayar taka ka tambaye ta yadda ake yi!"

Habibu ya durƙusa. "Alhaji, babu wata waya. Bara'atu ce ta koya mini, tun daga tsumman ɗumi. Askar nan ma ta Baba Abarshi ce."

Alhaji ya karɓi askar ya juya ta, ya ƙura wa ƙotar ƙahon ido. Ya san ta. Da ita aka yi masa askin angonci.

Bai ce je ka ba. Bai kuma ce kada ka je ba. Ya dai miƙa masa askar ya juya fuska bango.

Habibu ya zura takalmi ya fita da gudu.

* * *

Ya tarar da Malam Abarshi a rumfarsa yana yi wa Modibbo aski, wani dattijon makiyayi da ke fitowa daga bakin daji duk Juma'a. A gefe ga Haruna na Tabanni, ya zo gaisuwa, yana taya shi wasa asake.

Habibu ya tsugunna yana haki, ya ajiye askar a bakin tabarma. Abarshi ya dube ta, ya dubi Habibu.

"A ina ka samu wannan?"

Ya faɗi komai, bai rage ba. Da ya zo kan ƙeya Modibbo ya fara dariya, Abarshi ya dafe masa kai.

"Tsaya cak, Modibbo, kada a samu biyu." Ya ci gaba da askinsa kamar bai ji komai ba.

"Baba, bari in je in ƙarasa masa," in ji Haruna. "Ba sai ka taka ba."

"Zauna. Askar gidana ce ta fara kan nan. In ya fita haka, ba za a ce ɗan dillali ya yi ɓarna ba, cewa za a yi askar Abarshi ta bar aiki rabi." Ya goge wa Modibbo kai, ya duba bayan kunnuwa, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Sannan ya rataya zabira. "Wuce mu je, wanzamin kabewa."

Suka tarar da Alhaji inda aka bar shi. Babu wanda ya yi wa wani sallama ta kirki. Abarshi ya zagaya baya ya duba, ya yi tsaki.

"A kawo ruwan ɗumi, kumfar ta bushe. Kai kuma tsaya nan ka gani." Ya sake jiƙawa. "Muttaka, sunkuya."

"Alhaji Muttaka."

"Alhaji Muttaka, sunkuya. Haɓa ta taɓa ƙirji."

Alhaji ya sunkuya. Sai ga ninkin nan ya buɗe da kansa. Abarshi ya sa yatsu biyu ya ƙara ware fatar, kwari ya zama fili, aska ta bi ta wuce shar.

"Ka gani? Ba a cusa aska cikin lungu. Lungun ake fitowa da shi."

"Na gani, Baba."

Aska tana ta aiki. Can, daga ƙasa, murya ta fito a shaƙe, don haɓa tana kan ƙirji.

"Abarshi, ka tona mini asiri a kasuwa."

"Na yi. Bakina ne ya fi askata kaifi, na kuma yi nadama tun ranar. Amma kai ka san abin da ka yi mini? Na yi wa Mustapha askin suna, na yi wa wannan. Ranar nan tun asuba na wasa aska na zauna. Har azahar ina cewa yanzu za a aiko."

Wataƙila da ido cikin ido ne Alhaji ba zai iya ba, amma mutumin da ke kallon cinyarsa magana ba ta yi masa nauyi.

"Ban kyauta ba. Wancan ma da aka ɗauko, sai da ya sa jaririn ya kwana yana kuka. Ka yafe mini."

"Kada ka motsa, ina kusa da inda ɗanka ya yi maka tsaga." Muryar Abarshi ta ɗan yi rawa, hannunsa bai yi ba. "Na yafe. Kai ma ka yafe."

"Na yafe. Kuma goron nan yana nan, Asama'u tana ta yayyafa masa ruwa."

Habibu ya ƙura wa Abarshi ido.

Abarshi ya goge aska a tafin hannu, ya ninke ta. Ya zuba ruwan sanyi, ya goga alif, Alhaji ya yi salati.

"Yarinyar da ta shiga ɗakina ta buɗe zabirata saboda yaro, ai ta riga ta ba ni amsa. Ku kawo goron. Amma ba aike ba, Muttaka. Da ƙafarka."

"Da ƙafata."

"Kai kuma," ya juyo kan Habibu, "fuska na yarda, hannunka ba laifi. Amma in na sake jin ka ɗora aska a kan ɗan Adam ba ina tsaye ba, a bakin auren."

Daga madafa Hajiya Asama'u ta rangaɗa guɗa, ta manta da hayaƙi.

Tare dattawan biyu suka tafi masallaci, suna musu a kan wanda malam ya fi duka suna yara. Habibu kuwa ko salla bai jira ba, ya bi ta ƙofar gidan su Bara'atu. Ta fito a tsorace, don ta ga uban ya wuce da zabira ba ta san inda ya nufa ba.

"Yaya Habibu, lafiya? Ka kashe shi?"

"Kaɗan na yanka."

"Innalillahi! Shi ke nan, mun shiga uku."

"Gobe zai zo da goro. Da kansa."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da kuka, ta ruga cikin gida tana kiran innarta.

An ɗaura auren Habibullahi da Bara'atu bayan ƙaramar Salla, suna nan a Magajin Gari, ɗakinsu yana kallon na Hajiya. Haruna ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya auri Nafisat, 'yar ƙanwar Malam Abarshi, ya buɗe rumfarsa a Tabanni. Alhaji Muttaka ya koma tabarmar amininsa duk safiyar Juma'a, suna faɗa suna shiryawa. Malam Abarshi bai rage surutu ba, sai dai ya daina ambaton kan kowa. Habibu yana shagon masara, shi ke yi wa kansa gyaran fuska, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana gaya masa inda ya bari.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus.